Na je Vaduz don hatimi, na dawo da ciwon gwiwa

Jiya da daddare ɗan ƙanwata da ke karatu a Jamus ya turo min saƙo, wai "Kawu zan leƙa Vaduz in juyo a ranar, ƙasa ta takwas kenan a lissafina." Lissafi fa! Na daɗe ina kallon wayar, don wannan wautar ni na fara yin ta.

Lokacin ina wani kwas na wata uku a Zurich ta Suwizalan, kuma akwai wani abokina a gida da kullum sai ya lissafa min ƙasashen da ya taka, abin ya tsaya min a wuya. Sai na ji labarin wata 'yar ƙasa, Liechtenstein, tsakanin Suwizalan da Ostiriya, murabba'in kilomita 160 kacal, mutanenta wajen dubu 40, ko unguwa guda a Kano ta fi ta jama'a. Na ce to ga banza ta faɗi. Ban karanta komai a kanta ba wallahi, na dai hau jirgin ƙasa zuwa Sargans, wani gari kusa da iyakarta, awa ɗaya, can ne ma na gane babban birnin nasu, Vaduz ɗin, ba shi da tashar jirgin ƙasa balle filin jirgin sama, bas ake shiga. Bas ɗin ta tsallake kogin Rhine ina ta gyara fasfo a hannu ina jiran iyaka, babu shinge babu mai tambaya, ashe tuni mun shiga.

Ina sauka ofishin masu yawon buɗe ido na nufa na biya faran uku na Suwizalan aka buga min hatimi mai kambin sarauta a fasfo. Shi kenan abin da ya kawo ni, minti biyar. Sai na ɗaga kai na hango fadar yarima a kan dutse saman gari, na ce bari in shiga in gani. Na yi ta hawa cikin daji da takalmin ofis, kusan rabin awa, ina haki kamar wanda kare ya koro, ina isa na tarar da allo: ba a shiga. Gidan mutane ne, Yarima Hans-Adam na 2 da iyalinsa a ciki suke zaune. Na sauko in shiga gidan tarihi, a rufe, ashe Litinin ba sa buɗewa. Na zauna a titin Städtle na sayi burodi da cuku da shayi da kuɗin da a gida zai ciyar da gidanmu kwana biyu, na hau bas na koma. Awa uku duka.

To amma a yi min adalci, alawus ɗina kaɗan ne, Litinin ɗin ce kaɗai hutuna, kuma wayata ta lokacin ba irin taku ba ce da za ta faɗa maka komai kafin ka fita. Kuma hatimin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, na nuna wa abokin nan nawa ya yi shiru. Sai dai da ya tambaye ni me na gani can, ni ma shirun na yi. Daga baya na ji akwai gadar katako mai rufi tun ta 1901 a kan kogin, ka shiga ta nan kana Liechtenstein ka fita ta can kana Suwizalan, da ƙafa ake zuwa daga tsakiyar gari. Akwai ƙauyen Malbun can saman duwatsu, bas ɗaya ce. Ƙasar da ta rusa sojojinta tun 1868, mata ba su fara zaɓe ba sai 1984, duk ban tambayi kowa komai ba, ina can ina shafa tawada.

Na yi niyyar rubuta masa shawarwari goma, da na zauna biyu uku na samu. Kar ka je don lissafi. In za ka je ka kwana, ka hau dutse da safe. A'a kar ka kwana a Vaduz, kuɗin masauki zai cinye alawus ɗinka, ka kwana Feldkirch ta ɓangaren Ostiriya ka shigo da bas. Ka tafi da abincinka a jaka, kuma ban da Litinin. Fadar kuma daga ƙasa ma ana ganinta, ko da yake ka hau ɗin, daga can sama kana kallon kwarin gaba ɗaya, ni ne dai takaici bai bar ni na duba ba.

Ku yaran yanzu komai na hannunku, taswira, lokacin bas, ranar da ake rufe ƙofa, amma ba kwa dubawa sai kusurwar da hoto zai fi fita. Na tura masa duk wannan, dogon saƙo har yatsana ya gaji. Bayan awa biyu ya amsa: "To Kawu na gode, hatimin har yanzu faran uku ne?"