Yau mun shirya wa sanyin Bradford

Yau Asabar ba ni da aiki, kuma cikin daren nan za a mayar da agogo baya da awa ɗaya tunda gobe ce Lahadin ƙarshe ta Oktoba, daga gobe kafin biyar na yamma gari ya yi duhu. Shi ya sa tun da safe na ce wa Abban yara yau ba inda za mu, hitar gidanmu na nan Bradford a Ingila za mu duba tun sanyi bai kankama ba. Ni wallahi har yanzu 2022 ba ta fita raina ba, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi har sai da gwamnati ta rage wa kowane gida fam 400 a bil ɗin wuta, kuma yanzu ma duk wata uku Ofgem, hukumar da ke sa ido kan farashin gas da wuta, ke sake farashi, na Janairu kuwa a tsakiyar sanyi yake samun mutum.

Wajen goma mai duba boila, na'urar gas da ke dafa ruwan ɗumama gida, ya zo, lanlod ne ya turo shi, dama doka ce a nan duk shekara sai an duba kayan gas na gidan haya, kuma sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar ma'aikatan gas da doka ta amince da su, na ce ya nuna min kati ya nuna ba musu. Da ya gama na tsare shi da tambaya don ni so nake in gane abin, sai ya nuna min wani maɓalli mai hoton radiyeta (ƙarfen nan na jikin bango da ruwan zafi ke bi ya ɗumama ɗaki) a gaban boilar, ashe zafin ruwan da ke zagaya gidan a digiri 75 yake, ya mayar da shi 60. Ya ce irin tamu ta zamani ce, kombi marar tankin ruwan zafi, in ruwan da ke dawo mata bai cika zafi ba tana iya tatsar zafin tururin da zai fice waje a banza ta sake amfani da shi, in kuma an ƙure ta sai dai ta yi ta shan gas. Radiyeta ba za ta riƙa ƙona hannu kamar da ba, ɗaki zai ɗan jima kafin ya ɗau ɗumi, amma zai ɗauka. Ya dai ja kunne cewa masu tankin ruwan zafi kar su taɓa sai sun tambaya, don tankin yana bukatar digiri 60 saboda ƙwayoyin cuta.

Bayan ya tafi muka bi radiyetocin ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗakin yara ƙasanta zafi samanta sanyi ƙalau, iska ce ta taru a ciki. Muka kashe hita muka jira ta huce, Abbansu ya sa ɗan makullin nan mai baki huɗu a kusurwar sama ya murɗa kaɗan, ni ina riƙe da tsohon tawul da kofi a ƙasa, sai ga iska tana fita fuuu har ta ɗan daɗe, can sai ruwa baƙi ƙirin ya fara ɗiga, nan take ya ɗaure. Da muka sauko allurar boila mai nuna ƙarfin ruwa ta faɗi ƙasa da 1, muka buɗe famfon da ke ƙarƙashinta a hankali har ta hau kusan 1.5. Kujerar falo da ta tare radiyeta muka janye, muka liƙa takardar nan mai ƙyalli a bayan waɗanda ke jikin bangon waje, labule ma na naɗe shi ya daina rufe su. Ƙofar gaba ce ta fi ba ni mamaki, na sa hannu a ƙasanta na ji iska na shigowa kamar an kunna fanka, soson liƙawa muka bi gefenta da shi har ramin wasiƙa.

Inda muka yi musu shi ne ma'aunin ɗumi na bango. Shi wai a bar shi a 15 kowa ya sa suwaita, na ce haba Abban yara, ai hukumomin lafiya na ƙasar nan 18 suka ce mafi ƙaranci, ga ƙaramar da kirjinta ba ya son sanyi. Gida in ya yi sanyi ga shanyar kaya a ciki ga tururin girki, bango jiƙewa yake ya yi baƙin fumfuna, kuma a Rochdale nan kusa da mu a 2020 fumfunar nan ta yi ajalin yaro ɗan shekara biyu, Allah ya jiƙansa. Ni na yarda a rage ɓarna ko ta ina, amma ba zan yarda a rage wa yara ɗumi ba. Muka tsaya a 19 da yamma, 18 da safe, ɗakin baƙi da ba kowa muka mayar da bawul ɗinsa kan 1 maimakon kashewa ɗungurungum.

Bayan magariba wata ƙanwarmu ɗaliba da ta zo watan jiya ta kira, wai Anti kuɗin hita ya ba ni tsoro, ko in sa gawayi a kasko in rufe ɗaki yadda muke yi da hunturu a gida? Gabana ya faɗi. Na ce ke don Allah kar ki kuskura, gidajen nan a toshe suke ko'ina, gubar gawayi ba ta da wari ba ta da kala, barci za ta sa ki ki kasa tashi, ko a gida ma ai ana rasa rayuka ta haka. Na sa ta danna na'urar ƙararrawa mai gano irin wannan gubar da ke kusa da boilarsu ina kan layi har na ji ƙararta, kuma gobe in Allah ya kai mu zan kai mata bargo da makullin radiyetar, in duba tagar ɗakinta da ta ce tana shigo da iska.