Ashe bel ne, ba batir ba

Sati uku ina fama da babur ɗin nan. Da safe in danna sitata, sai "ƙyas ƙyas", shiru. Yaran unguwa har sun gaji da turi. Na yi fushi na sayi sabon batir, kwana huɗu shi ma ya kwanta. Kuɗina!

Jiya na kai wa wani dattijon makanike. Bai kwance komai ba tukuna, mita ya ɗora a kan batir, ya ce in ba shi wuta. Allura ta tsaya a volt 12. Ya ce: "Ɗana, inji na aiki ya kamata ka ga wajen 14. Ba ya caji."

Nawa irin manyan nan ne na Jamus masu altaneta (injin cajin batir da bel ke juyawa) kamar mota, ba irin ƙananan da kwayil ɗin caji ke cikin inji ba. Da ya buɗe murfin gaba, ga bel ya saki, ya yi sulɓi yana ƙyalli. Ashe kukan "ƙiii" da nake ji da sanyin safiya shi ne, ni kuwa ina ta zargin birki.

Ya sa sabo, ya sassauta notuna, ya ɗaga altaneta kaɗan-kaɗan yana latsa bel da babban yatsa. Ya ce in ya yi tauri da yawa, boris ɗin da altaneta ke juyawa a kai zai ci.

Tsohon batir ɗin lafiyarsa ƙalau. Wa ke so?