Takardar da aka mayar mini sau uku

A shekarata ta biyu a makarantar tauhidi, malamin da ke koya mana tarihin ikkilisiya ya ba mu wani aiki da ya ɓata mini rai da farko. Ya ce kowa ya nemi ɗalibin da ba ɗarikarsu ɗaya ba, ya rubuta abin da wancan ya gaskata game da baftisma, sannan ya kai masa ya karanta. Malam ba zai karɓi takardar ba sai mai ra'ayin ya sa hannu a ƙasa cewa lalle haka ya gaskata.

Ni na tashi ne a ikkilisiyar da ba a yi wa mutum baftisma sai ya yi hankali, ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, a nutsar da shi cikin ruwa. Wanda aka haɗa mu da shi ɗan Katolika ne, tun yana jariri aka yi masa tasa. Cikin dare ɗaya na gama rubutuna, don a ganina na san su ciki da bai. Ya karanta a natse, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan abin da aka gaya maka ne game da mu. Ba shi na gaskata ba."

Na rubuta cewa sun ɗauki ruwa kamar shi ne mai ceto. Ya bayyana mini cewa a wurinsu baftisma aikin Allah ne, alherinsa kuma yana riga mutum zuwa tun bai san komai ba. Ya buɗe mini Ayyukan Manzanni sura 16, inda aka yi wa Lidiya baftisma ita da mutanen gidanta, haka ma mai tsaron kurkukun Filibi da iyalinsa duka. Sau uku yana mayar mini da takardar. Ni ma na mayar masa da tasa, domin ya rubuta cewa mun mai da baftisma biki kawai. Na kai shi Romawa sura 6, inda Bulus ya ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma, na ce masa wannan binnewar muke gani duk sa'ad da ruwa ya rufe mutum ya kuma fito.

Har muka gama makaranta babu wanda ya sauya ra'ayi. Har yau ba zan yi wa jariri baftisma ba. Amma abin da ya dame ni, ya hana ni barci a wancan makon, shi ne na gane shekara da shekaru ina ba da shaidar zur a kan 'yan'uwana, ina zaton gaskiya nake karewa. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ba ta cire maƙwabcin da ke sujada a wata ɗarika ba.

Da muka ci gaba da karatu sai na ga abin da ya faru tsakaninmu mu biyu ya faru tsakanin manyan ikkilisiyoyi, sai dai nasu ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Bayan taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Kalkedon a shekarar 451, ikkilisiyar Kibɗawa ta Masar ta rabu da Roma a kan yadda za a bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu. Sai a 1973 Fafaroma Bulus na shida da Shenuda na uku, shugaban ikkilisiyar Kibɗawa, suka sa hannu a takarda ɗaya, suna shaida tare cewa Yesu cikakken Allah ne, cikakken mutum. Batun yadda Allah yake baratar da mai zunubi, wato ya karɓe shi a matsayin mai adalci, wanda ya raba Martin Luta da ikkilisiyar Roma bayan 1517, shi ma a 1999 Katolika da Lutaran suka zauna a Augsburg ta ƙasar Jamus suka rubuta abin da suka yarda da shi tare, Metodis kuma suka shiga a 2006. Ba a share kowane saɓani ba. An dai fara da sauraron abin da ɗayan yake nufi da kalmominsa.

Ba na cikin masu cewa duk bambancin koyarwa maganar banza ce. Wanda ya faɗi haka bai ɗauki bangaskiyar kowa da muhimmanci ba. Bulus da ya tsawata wa Korantiyawa don wani yana cewa shi na Bulus ne, wani na Afolos, wani na Kefas, wato Bitrus, shi ne kuma ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya a kan gaskiyar bishara. Amma addu'ar Yesu a Yahaya sura 17, cewa dukansu su zama ɗaya domin duniya ta gaskata, ya yi ta ne a daren da za a bashe shi, kuma ban ga yadda zan karanta ta in ci gaba da raina wanda Almasihu ya mutu dominsa ba.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu. Kafin mu rabu, abokin nan nawa ɗan Katolika ya gayyace ni sujadarsu. Muka furta shaidar bangaskiya ta Nikiya, wato daɗaɗɗen taƙaitawar abin da Kirista suka gaskata, tare, muka yi Addu'ar Ubangiji da murya ɗaya. Da lokacin karɓar jibi ya yi, ya tashi ya shiga layi, ni kuwa na zauna a wurina, domin ka'idar ikkilisiyarsa ba ta ba ni dama ba, nawa lamirin ma bai ba ni ba. Da ya dawo ya durƙusa kusa da ni, ya daɗe kansa a sunkuye. A waje na tambaye shi abin da ya roƙa. Ya ce ya roƙi Allah ya nuna mana ranar da za mu tashi tare, ko da mun tsufa.