Kafin ka buga fosta, ka fara zuwa wajen mai janareta

Jiya da daddare ɗan ƙanwata ya shigo shagona yana ta murna, ya miƙo min waya wai Kawu duba fostar wasan Sallah da za mu haɗa. Hoton mawaƙi ya cinye rabin fostar, shi yaron da abokinsa sun cinye sauran rabin, sun sha baƙin gilashi. Na ce ma sha Allah, toh wa zai ba ku wuta? Ya ce za a duba. Mai unguwa ya sani? Ya ce ai Kawu wannan ba matsala ba ce. Masu jera kujeru da masu tsaron ƙofa fa, nawa kuka ware musu? Ya yi dariya ya ce ai duk abokai ne. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don amsoshin nan uku da bakina na ba mahaifina su a 2010.

Shekarar ƙaramar Sallah a Satumba ta faɗo, damina ba ta gama tafiya ba. Ni da abokaina biyu muka haɗa ɗan abin da muka tara a sayar da katin waya muka ce za mu yi wasa a nan Daura daren Hawan Magajiya, tunda ranar gari a cike yake, mutanen Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure duk sun shigo, ga baƙi daga Nijar ta Kongolam. Kuma har gobe ina cewa lissafin ba laifi, mutane kam sun zo. Inda na ɓata shi ne kusan duk kuɗin na kwashe na ba wani mawaƙi daga Kano kafin alƙalami, ragowar ya tafi a fosta da sanarwa a rediyo, sauran mutane kuwa na ce bayan wasa a sallame su da kuɗin tikiti.

Akwai wani dattijo makaɗin kalangu a unguwarmu, ya girmi mahaifina, shi na roƙa ya zo da yaransa su ɗumama fili kafin babban baƙo ya iso. Abu biyu kawai ya nema, rumfa a gefe da gawayi a kasko. Na ce Baba ai ba suya za a yi ba. Bai ce min komai ba, ni kuma a lokacin ban san fatar kalangu tana saki in ta sha raɓa da sanyin damina ba, ta koma ba amo ba daɗi. Bayan isha'i na zagaya bayan katanga neman wani yaro sai na gan shi a tsugune, ya tsinto kara ya hura 'yar wuta, yana juya fuskar kalangun a saman wutar a hankali, ya ɗaga ya ɗan buga da yatsa ya kara kunne, ya matse tsarkiya, ya sake mayarwa. Babbar rigarsa ta Sallah tana jan ƙasa a cikin laka. Na gani da idona na wuce, don an ce min motar mawaƙi ta taso.

Mai janareta shi ma ya ce in bar shi ya zo tun jajibiri ya gwada wayoyi da lasifika, kuma in ƙara jarkar mai ɗaya. Na ce ɓarnar kuɗi ce. Ya zo dai bashi, don darajar mahaifina. Mai unguwa kuwa a fosta ya gani kamar kowa, shi ya sa 'yan sintiri ba wanda ya leƙo, matan layin da da an gaya musu za su kafa kaskon awara da ƙosai su raya wurin duk suka rufe ƙofa, samari suka dinga haurowa ta katanga.

Amma fa a yi adalci, ba ni kaɗai ba ne. Mawaƙin da na ba dukiyata sai bayan sha ɗaya na dare ya iso, abokan nawa biyu da aka fara rikici a ƙofa nemansu na yi na rasa, kuma wa ya taɓa zaunar da mu ya koya mana? Shekarata ashirin da 'yan kai. Toh amma an gaya min, mahaifina ya gaya min, dattijon nan ya gaya min, ni ne ban ji ba.

Waƙa biyu baƙon ya yi janareta ya yi tari ya mutu. Duhu, ihu, an fara jifa da kujerun roba, na jiƙe sharkaf da gumi ina tunanin ta ina zan gudu. Sai kawai aka ji kalangu. Dattijon nan ne, ba lasifika ba komai, yaransa suka ɗauki amshi, sanƙiransa ya fara kiran unguwanni ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira tasu sai su yi shewa, mata suka kama tafi, masu fitilar waya suka haska. Sun riƙe taron nan fiye da rabin awa har aka samo mai. Yau in ka tambayi wanda ya je, wannan wurin zai ba ka labari, sunan mawaƙin ma wasu sun manta. Kuma dattijon nan rabin kuɗinsa na ba shi, na ce sauran bayan Sallah, bayan Sallah ya zama bayan kaka, har Allah ya yi masa rasuwa. Na kai wa iyalinsa daga baya amma ba ɗaya ba ne, ban taɓa ce masa Baba ka yi haƙuri ba. Allah ya jiƙansa.

Da na zauna rubutun nan na ɗauka shawara goma zan jero, yanzu na ga ba su kai ba. Ku fara sallamar ƙananan ma'aikata kafin babban mawaƙi, mai wuta, masu kujeru, masu shara da safe, kuma kuɗin mai ku ware shi daban tun farko, tunda aka cire tallafi a 2023 mai ba abin da ake cewa za a duba ba ne. Ku taka da ƙafarku ku je wajen mai unguwa da goro, ku nemi izinin hukuma a rubuce, ba saƙon murya a WhatsApp ba. Ku yaran yanzu komai a waya, ku tsaya gaban dattijo ku durƙusa ku yi magana ya gagare ku, amma ku yi awa uku kuna gyara hoto. Ku ɗin nan kuna kallon hawa duk Sallah, kun taɓa tambayar wa ya wanke dawakan, wa ya ɗinka kayansu, masu tambari da algaita da kakaki ƙarfe nawa suka tashi? Ko marigayi Shata da yake kwance a garin nan tun 1999 ba shi kaɗai yake shiga fage ba, da makaɗansa da 'yan amshinsa.

Kar ku dogara da aikin kyauta na abokai, ku biya kowa. Ko da yake waɗanda suka cece ni ranar ba don kuɗi suka yi ba, don sun san gidanmu ne, kuma wannan ba a sayensa a sati ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya in son raina ne ma ku bari bana kawai. Amma kuma in kowa ya bari gari ya mutu, samari su rasa wurin zuwa, toh ku yi ɗin.

Ɗan ƙanwar tawa dai na ce masa ranar Alhamis bayan la'asar ya same ni a shago mu je wajen mai unguwa tare, daga nan mu wuce wajen mai janareta. Ya ce toh Kawu, idonsa na kan waya. Goron na riga na saya.