Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Karsanar da na kusa kashewa da hannuna

A makon jiya na tsaya a inda na dawo daga Shika da saniyata ta farko, ruwa biyu, uwarta Bunaji, ubanta Firisiyan, irin shanun nono na Turai, na ɗaure ta a bayan gidana a Giwa da cikin wata bakwai. To, a tsakiyar hunturu ta haihu, wajen ƙarfe 3 na dare, ina riƙe da tocila hannuna na karkarwa. Mace ce. Na yi hamdala, domin namiji na kasuwa ne, mace kuwa ita za ta gaji uwarta wajen tatsa.

Da gari ya waye sai ga dakashi, rawaya, mai kauri kamar kunu. Uwargida ta ce shi ke sa maruƙa zawo, haka ta taso tana ji. Na tatse shi tas, na kwarar a bayan danga, na ɗaure maraƙar nesa da uwarta. Sai da hantsi ya yi Baffa, wani dattijon Bafulatani maƙwabcinmu, ya leƙo barka. Ya dubi ƙasar da ta jiƙe, ya dube ni.

“Ɗana, abincin marainiya ka zubar?”

Da hannunsa ya kwance ta ya kai ta ga hantsa. Daga baya likitan dabbobi ya yi min bayani: maraƙi ba ya zuwa duniya da garkuwar jiki, a dakashi yake samunta, kuma hanjinsa na karɓarta ne a ranar farko kawai, musamman cikin awa 6. Ni kuwa na cinye mata awannin. A kwana na 5 zawon da muka guda ya kama ta. Ruwan gishiri da sukari na dinga ɗura mata da kwalba, idanunta sun faɗa, har Allah ya tashi kafaɗarta.

Abin da ya fi min ciwo shi ne madara. Lita 4 kullum ga bakin da ba ya kawo ko sisi, alhali masu kindirmo na tsaye a ƙofa da kuɗi. Na daure wata 3, na yaye ta bayan ta iya cin dusa da harawa sosai.

Daga nan kuma na wuce gona da iri. Don in rama abin da na yi mata, sai dusa, sai gurya, sai ƙuliƙuli. Ta yi ɓul-ɓul, ina ta nuna wa baƙi. Likita ya zo feshin kaska, ya kwashe da dariya: “Malam, ragon layya kake kiwo?” Ya ce kitse kan taru a hantsar karsana ya rage nonon da za ta bayar nan gaba. Ƙashi da tsayi ake nema. Muka rage hatsi, muka ƙara harawa da gishirin lasa, ya koya min zagaye ƙirjinta da tef ɗin awo duk ƙarshen wata don ƙiyasta nauyinta, ya ce kada a yi barbara sai ta haura rabin nauyin uwarta.

Baffa dai dariya yake min. Nasa karsanun sukan kai shekara 4 kafin haihuwar fari, bai ga abin gaggawa ba.

Tana wata 20, wata asuba, ta hana mu barci da kuka, tana ta yunƙurin hawa uwarta, alamar tana neman bijimi. Na kira mai allurar barbara, wayarsa a kashe. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.