Godiya ga mutanen Yamai da suka tsaya mana a haihuwar 'yarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, jiya Lahadi aka raɗa wa 'yarmu suna a ƙofar gidan da muke haya a unguwar Bukoki. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Ummi za mu riƙa kiranta. Mai jego tana samun sauƙi, ta fara takawa a tsakar gida, kuma likita ya duba ɗinkin tiyatar ya ce lafiya lau yake. Saƙonnin barka sun cika mini waya, daga nan Yamai da kuma gida Sakkwato, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta godiyata a nan kowa ya gani.

Waɗanda suka san mu sun san ɗinki ne ya kawo ni garin nan a 2021, daga baya na ɗauko iyalina. A al'adarmu haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta, kuma haka muka shirya. Sai awo ya nuna jinin matata ya hau, ƙafafu suka kumbura, ungozomar likitar unguwa, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, ta ce kada mu kuskura ta shiga doguwar mota. Daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni kaɗai ya haura kilomita 400, kafin a tsallaka Illela a kama hanyar Sakkwato. Haka muka zauna, ba mu da ɗan uwa na jini ko ɗaya a ƙasar nan.

Daren da abin ya taso, wajen ƙarfe biyu, ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi. Ƙofar maƙwabcinmu mai taksi na buga. Bawan Allah ya fito da ɗan zane a kafaɗa, bai tambaye ni komai ba, ya koma ya ɗauko makulli. Matarsa ce ta zauna a baya ta riƙe mata kai har likitar unguwa, daga can aka ba mu takarda zuwa matanite Isaka Gazobi, babban asibitin haihuwa na garin. Da na zaro kuɗi da asuba in ba shi na mai, ya ture hannuna ya ce in bar su a aljihu, akwai magani a gaba. Yayana, Allah ya tsare ka a kan hanya, ya sa motar nan ta haifar maka wata.

Ga likitoci da ungozomomi da masu jinya da suka kwana a kanta, ba ni da abin biyanku. Faransancina bai wuce na ciniki ba, kuma a ruɗe nake, amma wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta yi mini bayani da Hausa dalla-dalla: abin da hawan jini yake yi wa mai ciki da abin da ke cikinta, da dalilin da ya sa ba za a jira naƙuda ba. Sai da na fahimta sannan ta miƙo mini takardar sa hannu. Har abada ba zan manta da wannan mutuncin ba.

Da aka ce a tanadi jini, saƙo guda na tura wa 'yan fadarmu. Fadar nan da muke zama bayan isha'i, a kan benci da tabarma, ana dafa shayi a kan gawayi ana gardamar ƙwallo da kokowa. Kafin rana ta ɗaga sun hallara a kan babura, Bahaushe da Bazabarme da Buzu, kowa na cewa a fara da shi. Akwai wanda ya bar teburinsa na sayar da kati a hannun yaro, akwai wanda daga gadin dare ya wuto bai ko runtsa ba. 'Yan uwana, jinin da ke yawo a jikin matata yau har da naku a ciki. Allah ya bar zumunci, ya nuna mana na kowannenku muna raye.

Sai iyayenmu mata na gidan haya da na layinmu. A nan kam bakina ya yi kaɗan. Inna, matar mai gidanmu, tun ranar da aka sallamo mu ta karɓi wankan jego kamar 'yar cikinta ce ta haihu. Ita ta aike ni kasuwar Katako in sayo babbar tukunya irin wadda maƙera suke zubawa da narkakken dalma a can, ta ce in ƙwanƙwasa gindinta da yatsa in saurara kafin in biya, kada a haɗa ni da mai tsaga. Kullum kafin kiran assalatu za ka ji ta tana hura wuta a bayan ɗaki. Saboda tiyata ta bi abin da likita ya faɗa sau da ƙafa, ruwa mai ɗumi kawai, ba a taɓa wajen ɗinki ba, kanwa da gishiri kuma ta ce a dakata da su sai jini ya sauka. Wannan ya ƙara mata girma a idona, domin tsohuwar da ta yi wa jikoki da yawa wanka ba kowace ce za ta yarda ta sauya hannu ba. Matan foyandinsu kuma, wato ƙungiyarsu ta zumunci da adashi, suka haɗa sabulu da turmin atamfa da kayan jarirai, wata ta kawo dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, cike da kwano, wata farin masa, wata ta kwashe wanki ta tafi da shi gidanta. Matata ta zo garin nan ba ta jin Zabarmanci ko kaɗan, su suka koya mata gaisuwa, su suka koya mata lissafin dala da jika har ta daina tsoron zuwa cefane ita kaɗai.

Baba mai gida, kai ka kama hannuna zuwa kasuwar dabbobi ta Turaku sayen ragon suna. Na tsaya ina kallo kana buɗe bakin rago kana duba haƙora, kana shafa gadon baya, kana ja da dillali har farashi ya sauko inda aljihuna zai iya. Jiya kuma kai ka zauna a mazaunin mahaifina, ka karɓi baƙi, ka raba goro da dabino. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Malam liman da jama'ar masallacinmu da suka cika layi tun bayan sallar asuba, da samarin da suka kafa tanti suka jera kujeru suka kuma kwashe, na gode.

Ba zan rufe ba tare da na ambaci maigidana na sana'a ba, wanda na fara zama a shagonsa kusa da kasuwar Wadata. Alherinsa ya girmi wannan haihuwar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take turowa, mu 'yan Najeriya da ke nan mun shiga wani hali. Kuran, wato wutar lantarki, ya zama sai an gani, keken surfani ya kwanta, hanyar gida a toshe, ga shi ban daɗe da buɗe nawa shagon ba. Shi ya aiko mini da tsohon kekensa na ƙafa a kan amalanke, ya riƙa turo mini aikin da ya fi ƙarfinsa, har aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024. A tsawon watannin nan babu wanda ya taɓa nuna mini yatsa a unguwa don ƙasar da na fito. Ina so 'yan uwana na gida da ke karanta wannan su san haka.

Akwai kuma abokina malamin lakkwal, wato makarantar boko, da matarsa, waɗanda suka hana mu zaman kaɗaici tun farkon zuwan amarya. Su suka fara kai mu gidan tarihi na Bubu Hama, muka ga dorina da zakuna, da ƙasusuwan manyan dabbobin da can da aka tono a yankin Agadas, da busasshen iccen Tenere da mota ta kaɓe a 1973 aka kawo shi nan aka adana. Su suka saba mana da fita bakin kogin Isa, wato kogin Neja, da yamma, a sayi kilishi a tsallaka gadar Kenedi zuwa unguwar Harobanda, a dawo bayan magariba. Da cikin ya tsufa aka ce ta riƙa tattaki, matarsa ce take zuwa har gida ta fita da ita. Shi kuma ya bi mini takardar haihuwa, ya cike komai da Faransanci, ya tabbatar an rubuta sunan daidai harafi da harafi.

Surukata ta iso ana jibi suna, ta biyo ta Illela da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma ba ta taɓa fita daga Najeriya ba sai wannan karon. Na gode wa ɗan uwan da ya tarbe ta a Ƙonni, ya canza mata kuɗi, ya sa ta a mota, ya riƙa kirana yana faɗa mini inda suka kai. Da ta shigo ta tarar da Inna riƙe da jaririya, ga mata cike da ɗaki, sai ta fashe da kuka, ta ce duk hanya tunaninta a hannun wa za ta sami 'yarta. Yanzu su biyun tare suke kwana a ɗakin mai jego.

Iyaye da 'yan uwa na Sakkwato da suka yi ta addu'a da saukar Alƙur'ani, da waɗanda suka turo gudummawa duk da halin da ake ciki, saƙonku ya iso. In Allah ya yarda bayan arba'in, idan likita ya ba da izinin tafiya, za mu kawo muku Ummi ku sa mata albarka.

Masu ɗinki a wajena da suka yi haƙuri aikinsu ya kwanta, Allah ya saka da alheri. Zan buɗe shago ranar Laraba da safe, kuma da kayan masu biki a ƙarshen watan nan zan fara.

Wassalamu alaikum.