Wankin Hoto a Nima: Maganin da ke Korar Haifo

Shekara talatin ke nan ina wanke hoton baƙi da fari a ɗan shagona na unguwar Nima a Accra, kuma har gobe raina yakan ɓaci idan dattijuwa ta kwance ɗankwali ta fito da hoton aurenta ya yi jaja-jaja kamar an zuba masa shayi. Mai wannan ɓarna shi ne haifo, wato tiyosalfet, maganin da muke tsoma takarda a ciki domin hoto ya zauna. Idan ba a fitar da shi sarai ba, sai ya riƙa cin azurfar da ita ce baƙin hoton a hankali.

Takarda mai rufin roba ba ta da wahala, minti 2 ya ishe ta. Amma takardar barita, wato marar rufin roba, wadda ni ita nake alfahari da ita, tana shan haifo kamar soso, sai ta yi awa guda cikin ruwa mai gudu. To, a unguwar da famfo kan ɗauke kwana da kwanaki, muna sayen ruwa a galan rawaya da ake kira Kufuor, wa ke da ruwan awa guda?

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya ba ni labarin cewa a Yaƙin Duniya na Biyu masu hoto na sojan ruwan Amurka sun lura ruwan teku ya fi saurin korar haifo. Ina yaro na taɓa ɗebo bokiti guda daga bakin teku a Jamestown don in gwada, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, gishirin kuma da me za ka ɗauraye shi?" Daga nan ya nuna mini sodiyam salfait, maganin da ke korar haifo, giram 20 a lita ɗaya ta ruwa.

Yanzu tsarin Ilford, kamfanin kayan hoto, nake bi: ɗauraya ta minti 5, minti 10 cikin ruwan salfait ɗin ina kaɗa faranti lokaci-lokaci, sannan wata ɗaurayar ta minti 5. Ruwan maganin da ya kwana ba na mayar da shi, domin iska tana kashe ƙarfinsa.

Masu wankin arha kuwa tsoma ɗaya suke yi su shanya, hoton ya fito fes ranar karɓa, shi ya sa mai saye ke zuwa yana ja da ni a kan farashi. Irin wannan nakan ɗauko masa hoton hawan salla da na wanke tun ina sabon buɗe shago, in miƙa masa ya duba fararen rawunan da kansa.